Igiya Ɗaya, Ƙwallo Ɗaya

Assalamu alaikum mutanen wannan shafi, masu karatu da masu leƙe. Sunana Turai, a Doguwa nake. Ni ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana wucewa zan yi. Magana nake yi a waya ina tura wa Bahijja mai shafin nan, ita take mayar da ita rubutu, kuma na ja mata kunne: kar ki gyara min, kar ki zuba min sukari. Wanda ya zo don ya ce "Hajiya a yi haƙuri", ya riƙe abinsa. Buhu-buhunsa gare ni a ɗaki, shekara talatin da ɗoriya ina tarawa.

Da yawanku kun san ni ba ku sani ba. Kun ga hoton nan da ke yawo a waya, kan wata mata da ɗankwali ruwan goro an ɗora shi a kan kofin ƙwallo? To ni ce. A bikin 'yata aka ɗauke shi. Kun yi dariya, kun tura wa wasu. Yau sai ku zauna ku ji ta bakin kofin.

Mijina shi ne wanda kuke kira Koci, mai sharhin ƙwallo a rediyo ran Asabar. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, amma yau zan kama. Mujitaba. Na faɗa, sama ba ta faɗo ba.

Ina budurwa a Tudun Wada, garinmu, gyaɗa nake sayarwa a bakin fili. Wata la'asar ƙwallo ta zo ta daki farantina, gyaɗa ta watse a ƙasa. Na buɗe baki zan yi zagi, sai ga mai lamba tara ya baro wasan, alƙali yana hura masa usur, 'yan kallo suna ihu, shi kuwa ya durƙusa yana tsince min gyaɗa ɗaya bayan ɗaya yana hure ƙasar. Ya ce, "Yi haƙuri, raga na nufa, ƙwallon ce ta fi ni ido." Shi ke nan fa. A lokacin akwai Hamidu na Riruwai da ke zuwa zance wurina da keke sabo da turmin atamfa, Yayana Ɗanasabe har kuka ya yi min a kan in aure shi. Na ce ni mai tsintar gyaɗa nake so.

Igiyar farko safa ce ta tsinka ta. Ku yi dariya, na ba ku izini, ni ma da a kan wata ya faru zan yi. Ashe yana da wata safa da bai taɓa wankewa ba tun da suka fara cin wasa a jere. Ni kuwa amarya, na shiga ɗaki na ji wari kamar an binne ɓera, na laluba na zaro ta a ƙarƙashin katifa, na wanke ta fes har da bula. Washegari suna wasa a Bebeji aka take masa gwiwa. A satin ne kuma mutanen wata babbar ƙungiya a Kano za su zo ɗaukarsa. Aka kawo shi a bayan a-kori-kura yana ihu, da ya gan ni abin da ya fara cewa shi ne, "Kin wanke min sa'ata. Je ki gidanku." Na tafi. Bai daɗe ba ya aiko a mayar da ni, da ya ga ba mai kai shi bayan gida sai ƙaninsa, shi ma yana toshe hanci. Na dawo. Ni na riƙe ƙafar nan ana ɗori, ni na gasa ta da ruwan zafi har ya taka.

Ƙafa ta ƙare, sai ya ɗauki usur. Shi ya kafa Giwayen Falgore da hannunsa, ya tattaro yaran gari da na ruga masu gudu kamar barewa. Tsakar gidana ta zama wurin cin abincinsu. Ɗanwake a babbar tukunya, igiyar shanya cike da riguna masu lamba kamar kasuwar gwanjo. Shekaru muna haka, sai ƙungiya ta yi ƙarfi, masu gari suka shigo suka kafa kwamiti, kwamiti ya kore shi ya kawo wani yaro mai takardar koyarwa. Yaran ba su daina zuwa cin ɗanwake ba, ni kuma ban iya korar yaro da yunwa ba. Autana Ukasha ma ya ƙi barin ƙungiyar, ya ce shi ƙwallo yake yi ba faɗa ba. Koci ya shigo ya tarar da su sun kewaye kwano, ya ce ina ciyar da maƙiyansa. Igiya ta biyu ke nan. Da Liman ya mayar da mu, a gabana ya ce masa, "Mujitaba, ɗaya ta rage. Ka ɗaure bakinka."

Mutumin da aka ce ya ɗaure bakinsa, sai ya je ya mayar da bakin sana'a.

A gidan kallon ƙwallo ya fara, yana musu har jijiyar wuya ta tashi, samari suna ɗaukarsa a waya. Daga nan ya koma buga waya gidan rediyo, daga nan suka ce ya riƙa zuwa Kano duk Asabar yana zama a shirin da suke kira Kafin Usur. Kuma in faɗi gaskiya, ya iya. In yana kwatanta yadda ɗan wasa ya juya, sai ka ga ƙurar. Ni nake goge masa farar shaddarsa da dutsen guga na gawayi, in kafa masa hula a kan tulu, in fesa masa turare, duk da ba mai ganinsa a rediyo. In ya tafi in ajiye rediyona a tagar kicin ina aiki ina ji, ina cewa a raina, nawa ne wannan.

Ranar da abin ya faru ina tsakar gida ina sheƙar masara. Giwaye sun kai wasan ƙarshe na wani kofi, za su kara da Taurarin Kiru a filin Tudun Wada. Nazifi, yaron da ke gabatar da shirin, ya san inda ke wa Koci ƙaiƙayi, sai ya yi ta sosawa.

"Koci, wai tun da ka bar su suka samu lafiya."

"Wace lafiya? Sa'a ce ta kawo su nan, sa'a kuma ba ta kwana biyu a gida ɗaya."

"Ɗanka fa yana ciki. Lamba tara, irin taka."

"Lamba ce iri ɗaya, ƙafa ba ɗaya ba."

"To idan suka ba ka kunya fa? Me za ka ajiye? Hularka?"

Na ji yana dariyar nan tasa ta ƙasan maƙogwaro. Na san ta. Ita ya yi kafin safa, ita ya yi kafin ɗanwake. Na tsaya da faifai a hannu.

"Hula? Nazifi, ka raina ni. Wallahi idan yaran nan suka ci, a bakin auren matata. Na sake ta!"

Suka fashe da dariya, har wani yana buga tebur. Faifan ya suɓuce, kaji suka taru a kan masarata ban kore su ba. Unguwar ta yi tsit, don kowane gida rediyon nan ake ji. Can sai kan Balaraba maƙwabciyata ya ɓullo ta saman katanga.

"Turai… kin ji kuwa?"

"A'a, kurma ce ni. Sauka ki ba ni wuri."

Da Koci ya dawo da la'asar har da tsarabar lemo a leda. Na tare shi a bakin zaure.

"Ni ka ajiye? Ba ka ajiye hula ba, ba ka ajiye babur ba, sai ni?"

"Ke, wasa ne fa. Harkar rediyo ce, sai da gishiri."

"Ni ce gishirin?"

"Ki kwantar da hankalinki. Na san yaran nan kamar yunwar cikina. Ko raga ba za su taɓa ba."

Ku riƙe wannan maganar. Ni a lokacin cika baki na ɗauke ta, na bar ta ta wuce.

Na zura hijabi ko silifas ban daidaita ba, sai gidan Liman. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ya ce wasa yake." Liman ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Turai, saki ba a wasa da shi, wasansa gaske ne. Magana zarar bunu ce."

"To ya je rediyon ya janye."

"Ba ta janyuwa. Ya rataya ta, in abin da ya rataya ta a kai ya faru, ta faɗo."

"To in fanshi kaina kafin wasan, a sake ɗaurawa bayan an gama. Na ji ana yi."

"Ita ma igiya take ci. Ke kuwa ɗaya gare ki."

Na ce, "Wato shi ya yi maganar, ni zan kwashe kaya? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni ina ɗakina ruwan ya same ni."

Satin nan ban ga irinsa ba. In na fita ɗiban ruwa yara su bi ni, "Ga Kofi! Ga Kofi!" Hoton nan ya fito. Samarin da suka girma da ɗanwakena, wasunsu da bakinsu suke waƙa a kan babur, wai a ci Kiru a saki Turai. Wayata kuwa ba ta huta ba. Yaya Ɗanasabe ya turo saƙon murya, na danna na kara a kunne.

"Turai, ni ne. Na gyara miki ɗakin Inna, an sa sabuwar leda. Kar ki jira wani wasa, ki tattaro ki taho. Na gaya miki tun kina yarinya, mai bin iska a fili ba miji ba ne. Af, Alhaji Hamidu ya zo gaisuwa, kin san matarsa ta rasu bara. Ya kawo zuma galan guda, ya ce a gaishe ki, wai Allah ya ba mai rabo sa'a."

Kun ji fa. Da aurena, da raina, an fara layi. Na danna na ce, "Yaya, ka gaya wa Hamidu ya sha zumarsa, tana maganin tari. Ni matar aure ce." Na faɗa da ƙarfi, na ajiye wayar.

Za ku ce me na riƙe a gidan? Ni ma na tambayi kaina. Bishiyar mangwaron da ke tsakar gidan ni na dasa. A ɗakin nan na haihu, daga ɗakin nan aka fitar min da biyu zuwa makwanci. Kuma shi ɗin, da duk haukarsa, in gwiwar ta motsa masa da damina ba ya kiran kowa sai ni. Ina son abina. Na tsufa da jin kunyar faɗa.

Ana gobe wasa da hantsi Ukasha ya shigo ɗakina, ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Yaron duk ya zabge.

"Umma, na yanke shawara. Zan ce idon sawuna ya gurɗe."

"Wanne?"

"Na hagu."

"Miƙo in gani."

Ya janye ƙafar ƙarƙashin gado. Na san mutanen Kano masu neman 'yan wasa za su zo kallon wasan nan, garin kowa ya sani. Irin ƙofar da ta rufe wa ubansa a Bebeji ce ta buɗe masa. Kuma Allah ya sani, zuciyata cewa take, bar shi ya zauna, in ba shi Giwaye ba su da haƙori. Har na buɗe baki. Sai na dubi ƙafafun nan, dogaye, irin na wancan da ya durƙusa a kan gyaɗata.

Na ce, "Gurgu na haifa? Ubanka ya yi ɓarin baki, kai za ka biya da ƙafarka? Tashi ka ba ni wuri. Gobe in na ga kana ɗingishi, da muciya zan karya ta gaske."

"Umma, idan muka ci fa?"

"Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba ruwanka."

Da ya fita na shimfiɗa sallaya. Ban san addu'a mai tsawo ba, da Hausa na roƙa. Na ce ya Allah, ka ba ɗana ƙwallo, ka ba Kiru wasa. Ka fitar da shi kunya, ka bar min ɗakina. Har ina jin daɗin dabarata.

Na je filin. Na sa atamfata shuɗiya da dogon hijabi, na tsaya can baya wurin masu rake, daidai inda nake ajiye faranti ina yarinya. Koci kuma an kafa masa tebur da rumfa a gefen fili, da lasifika, wai babban baƙo mai sharhi. Farar shaddar da na goge ce a jikinsa. Ko a satin nan ban fasa gugar ba, ku ce min wawuya.

Kiru suka zura ɗaya kafin hutu. Aka dawo suka ƙara. Ina cikin hijabi ina jan carbi ina alhamdulillahi, ina roƙon gafarar yaran da na ciyar. Rana ta yi sanyi, mutane sun fara zamewa. Sai aka ɗago wa Ukasha wata ƙwallo, ya tare ta da ƙirji, mutum biyu a bayansa. Ya murɗa ƙugu kamar zai yi dama, ya juya hagu, ya sake ta. Raga ta girgiza.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Lasifika kuwa kamar za ta tsage.

"Ya ci! Ya ci! Jama'a ɗana ne! Ni na koya masa juyin nan a tsakar gida! Ya ci, ya…"

Sai ta ɗauke ɗif. Na hango shi tsaye, hularsa a ƙasa, ya riƙe abin maganar yana kallonsa kamar maciji aka miƙa masa.

Aka tashi biyu da ɗaya, Kiru suka ɗauki kofi. Ni murna nake. Abin da na roƙa shi aka ba ni, ba ragi. Ina neman hanyar fita sai na ji 'yan acaɓa suna musu.

"Matar Koci ta tafi fa."

"Ta tafi ina? Ai cin su aka yi."

"Cewa ya yi idan suka ci. Ba su ci ɗaya ba?"

"Cin wasa yake nufi, dalla."

"Kai ka shiga cikinsa? Da bakinsa yanzu ya ce ya ci!"

Mai raken da ke kusa da ni ta dube ni, ta sake dubana, ta kawar da kai. Na zauna a kan ɓawon rake, maganar nan ta zaure ta dawo min kamar yanzu yake faɗa. Ko raga ba za su taɓa ba.

Washegari Litinin da safe muka hallara a zauren Liman: ni, da shi, da Yaya Ɗanasabe da ya biyo ni daga Tudun Wada yana huci. Aka kunna maganar a waya, muka sake jin dariyar da buga tebur. Liman ya sa aka maimaita. Ya ce, "Kalmar nan ta hau doki biyu. Ana cin wasa, ana cin ƙwallo. Ba wanda ya san wanda ka hau sai kai da Allah. Idan wasa ka nufa, matarka tana nan. Idan ƙwallo ka nufa, ta haramta gare ka sai ta auri wani. Mujitaba, me ka nufa?"

Yaya ya ce, "Malam, wannan ai ƙarya zai yi. Sana'arsa ce."

Ni kuwa na sunkuyar da kai. Ina da shaida a bakina, na danne ta da harshe. Ina cewa a zuci, yi ƙaryar. Ka yi ta a kan safa, ka yi ta a kan kwamiti, kana yin ta duk Asabar ana tafa maka. Yi guda ɗaya saboda ni. Kalma ɗaya ce, wasa. Liman ma bai dube shi ba, ƙasa yake kallo, kamar mai ba mutum hanya ya wuce.

Mutumin da ke magana tun daga farkon shiri har ƙarshe ba ya haɗiyar yawu, sai ga shi ya kasa. Yana ta shafa gwiwar nan. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Malam, in na ce wasa, zan koma gida da ita in zauna da ita a kan me? In mutu in ce me?" Ya saki gwiwar. "Ƙwallo na nufa. Ban zaci za su ga raga ba. Wallahi ƙwallo na nufa."

Liman ya ce innalillahi.

Shekara talatin da ɗoriya ina roƙon mutumin nan ya faɗi gaskiya sau ɗaya. Ya tashi faɗa, ya zaɓi ranar.

Ban yi kuka a nan ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Shi da ya yi, mene ne hukuncinsa? Ni zan bar ɗakina, in bar mangwarona, yara su bi ni da Kofi har kabari. Shi fa?" Liman ya ce ya yi istigfari. Na ce, "Shi ke nan? Istigfari?" Na tashi na karkaɗe zanina.

Yanzu ina ɗakina ina idda. Shi ya kwashe ya koma shagon ƙofar gida, ba ya shigowa, ba na fita. Ukasha ya kwana biyu bai ci abinci ba, mutanen Kano suna kiransa ya ƙi ɗagawa, wai shi ya saki uwarsa da ƙafarsa. Na kama kunnensa na ce, "Ƙwallonka halal ce. In ba ka ɗaga wayar nan ba, ban yafe nonona ba." Ya ɗaga. Ya tafi gwaji, ku sa shi a addu'a.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ban nemi Bahijja ba. Har na fara jin tausayin Koci, ina jiyo tarinsa ta katanga, ina cewa ko ba komai ya ji tsoron Allah. Sai ran Alhamis wayata ta yi ƙara. Saƙon murya, daga shagon da bai fi taku kaɗan da ɗakina ba.

"Turai… ni ne. Ban iya barci. Na yi nazari, akwai mafita. Kin ga a harkar ƙwallo akwai abin da ake kira aro. Ƙungiya ta ba da ɗan wasanta ya je wata ya yi kaka ɗaya, ya dawo gida. To na ji Hamidu yana so. In kin gama idda, ki daure ki… na ɗan lokaci ne. Ni zan san yadda zan yi da shi ya sake ki. Ki yi tunani."

Na saurara har ƙarshe. Na sake saurara, don in tabbata ba kunnena ba ne. Auren kisan wuta, wanda ko yaro ya san haramun ne, shi aka yi wa wanka aka sa masa riga mai lamba. Mai tsoron Allah ran Litinin! Da farko kofi ce ni, yanzu na zama ɗan wasan aro. Har Hamidu da zumarsa an sa shi a lissafi bai sani ba.

Ban ba shi amsa ba. Amsar da za a yi a shago ba ta ishe ni ba. A gaban Kano ta Kudu kaf aka ajiye ni, a kunnen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da rugagen Falgore. Ba kuɗinsa nake nema ba, ba ɗakin ba, wannan ya riga ya tafi. Sunana nake so a mayar min a inda aka ɗauke shi.

Ran Asabar na ji fitar babur ɗinsa da sassafe. Ashe zai iya zuwa. Shaddar ma ban san wa ya goge masa ba. Na aiki Balaraba ta sayo min kati ta sa min. Na yi wanka, na ɗaura ɗankwalin nan ruwan goro, shi dai na cikin hoton, na shafa turarensa da ya bari a kan taga. Na ɗauko rediyo daga kicin na ajiye a kan turmi a gindin mangwaro, na zauna a kujera 'yar tsugunne.

Nazifi ya buɗe shiri yana dariya tun kafin ya gama sallama. Wai yau masu sauraro sun yi yawa kamar ranar sallah, wai batun yau shi ne, ci nawa ne a Hausa? Koci yana gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana cewa a bar maganar a koma kan wasa. Nazifi ya ce ina, sai an buɗe layi.

Ban iya karatu ba, amma lambar nan shekaru ina jin ana rera ta duk sati, na haddace ta kamar Fatiha, kuma na san zanen kowace a kan waya. Na danna. Layi a cike. Na sake. A cike. Balaraba tana saman katanga, wannan karon ban kore ta ba. Na yi ta dannawa har babban yatsana ya yi zafi.

Sai na ji ƙarar shigar kira a kunnena, na kuma ji ta a kan turmi.

"To, ga wani mai sauraro. Salamu alaikum, wa muke tare da shi, kuma daga ina?"

Na rage muryar rediyon kamar yadda suke cewa a yi. Na gyara zama.

"Wa alaikumus salam. Kofin ce, daga Doguwa. Sunana Turai, ka maimaita shi yadda kowa zai ji. Sannan ka matsa gefe, yaro, ka ba ni Koci. Yau ni ce mai sharhi."

Tun da nake jin rediyon nan ban taɓa jin ta yi shiru irin na lokacin ba. Har kukan kajina ana ji a Kano.